Yaron da aka tsinta cikin ɗari: jinkirin sutura, duban likita da zargin mutane

TAMBAYA

Ni limami ne a wani gari tsakanin Isa da Sabon Birni. Tun da ɓarayin daji suka tashi ƙauyukan da ke kewaye da mu, firamaren garinmu cike take da 'yan gudun hijira, yawancinsu mata da yara. Cikin ɗarin nan wani yaro ɗan shekara 6 ya fita ɗebo kara bayan la'asar, bai dawo ba. Ba a yi nisa da nema ba, don ba mai shiga daji bayan magariba. Da asuba masu zuwa fadama suka gan shi lafe a gindin tarin kara, jiki ya sandare, rigarsa a yashe gefe guda, da rauni a leɓensa da fatar idonsa. Na sa aka yi masa sutura kafin hantsi. Yanzu gari ya rabu. Wasu na cewa sanyi ne, kwana ya ƙare. Wasu na cewa aikin matsafa ne. Samari kuma sun sa ido a kan wani baƙo mai kwana a rumfar kasuwa, da wata tsohuwa da ake jifa da maita. Na yi daidai da na gaggauta? Ya halatta likita ya taɓa gawa? Akwai rantsuwa ko diyya a kan wani?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba uwar yaron nan haƙuri, ya sa mai ceto ne.

Liman, gaggawarka tana da madogara. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin Manzon Allah (SAW) na a gaggauta jana'iza, kuma a kan haka duk muka tashi. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun togace wasu mamata. Shaihu Halilu a Muhtasar, da ya zo kan gaggauta shirya mamaci, ya cire wanda ya nutse a ruwa, masu sharhi suka haɗa da wanda tsawa ta faɗa wa, da wanda gini ya rufta wa, da mai mutuwar fuju'a. Abin da suke gudu shi ne a turbuɗe mai sauran numfashi. Ibnu Rushdi a Bidayatul Mujtahid har maganar likitocin zamaninsa ya kawo a wannan wuri, don haka komawa ga likita wajen tabbatar da mutuwa tsohon abu ne a fiƙihu.

Wanda sanyi ya kayar ya fi kowa cancantar shiga wannan sahu. Idan ɗumin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum yakan fara da karkarwa, daga baya karkarwar ta tsaya, hankali ya gushe, barci ya ɗauke shi. Bugun zuciya yakan yi rauni har yatsa ya kasa jin sa, gaɓoɓi su ƙage, jiki ya yi sanyi ƙalau, alhali da rai. Shi ya sa likitoci ba sa yanke wa irin wannan hukuncin mutuwa sai sun ɗumama shi sun gani. Hukunci a nan: wajibi ne a jinkirta wanka da likkafani har a tabbatar. A ɗauke shi a hankali zuwa ɗaki, a cire masa jiƙaƙƙen tufa, a lulluɓe shi da bargo har kai, babba ya haɗa ƙirji da shi. Kada a murje shi da ƙarfi, kada a kanga shi bakin wuta, kada a ɗura masa kunu muddin ba ya cikin hayyacinsa. A nemo ma'aikacin lafiya, ko a kai shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni. Ban ce an binne yaronku da rai ba. Kada Shaiɗan ya saƙa maka haka, kada kuma wannan zance ya kai kunnen uwarsa. Ka yi aiki da abin da ka sani, babu zunubi a kanka. Na gaba nake tsare maka.

Wani zai ce ai sanyinmu ko ruwa ba ya daskarar da shi, ina zai kashe mutum? Gaskiya ne, a ƙasar Gobir ko cikin muku-mukun Disamba da Janairu ba a ganin ƙanƙara. Amma da asuba yakan sauka ƙasa da digiri 15, ga iskar hunturu, ga raɓar fadama. Ƙato mai ƙoshi ya ja bargo zai kwana lafiya. Yaron da tamowa ta cinye, ciki babu tuwo tun safe, wataƙila ya tsallake ruwa rigarsa ta jiƙe, ba shi da abin da jikinsa zai ƙona ya yi ɗumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saukar ɗumin jiki da ƙarancin sukari a jini cikin abubuwan farko da ake tarewa ga yaro mai tsananin tamowa, saboda da su ake saurin rasa shi.

Alamomin da suka tayar wa mutanenka da hankali kuwa, likitoci masu binciken gawa sun san su. Wanda sanyi ya kusa gamawa da shi sau da yawa yakan ji kamar zafi ya taso masa, ya tuɓe tufafinsa da hannunsa. Yakan kuma nemi lungu ya cusa kansa, kamar gindin karan da ka ambata. Leɓe da fatar ido su ne wurare masu taushi da ɓera da tururuwa da karnuka ke fara taɓawa ga gawar da ta kwana a fili. Duk wannan bai wanke kowa ba, domin mai kisa ma yakan tuɓe riga ya ɓoye gawa. Yana nuna dai cewa abin da idon mai wucewa ya gani bai isa hujja ba. Mai ilimin abin yana iya bambanta raunin da aka yi wa mai rai da wanda ya samu gawa, ya duba wuya ko an shaƙe.

Shari'a ta yarda da karanta alama. A Suratu Yusuf an kawo wa Annabi Yaƙubu riga da jinin ƙarya, kuma Ƙurɗubi ya ambata a tafsirinsa cewa rashin yagewar rigar ne ya tona asirin masu cewa kyarkeci ya ci ɗan'uwansu. Ibnu Farhun, alƙalin Madina ɗan Malikiyya, ya faɗaɗa zancen aiki da alamomi a Tabsiratul Hukkam. Game da fiɗar gawa, asali haramci ne, saboda hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito mai daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. Amma Halilu ya halatta a tsaga cikin mamacin da ya haɗiye dukiya mai yawa don a mayar wa mai ita, kuma jinin yaro ya fi dukiya girma. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta fiɗa don binciken laifi a shekarar 1976, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta tabbatar da haka a zamanta na Makka a 1987. Sharaɗi: hukuma ce za ta nema, a tsaya iya buƙata, a tsare al'aura, a mayar da kowace gaɓa a binne tare.

Na san masu wannan aiki suna Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na kuma san halin da hanya take ciki. Abin da ba a samu duka ba, ba a barin sa duka. Kafin a zuba ruwan wanka, a kira mai gari da baturen 'yan sanda, ma'aikacin lafiya ya duba jikin daga waje a gaban adilai biyu, a rubuta inda aka same shi da yadda yake kwance, a adana rigar. Ya halatta a ɗauki hoto don hukuma. Haramun ne a watsa shi a WhatsApp ko Facebook, keta alfarmar mamaci ne da ƙona zuciyar iyaye. Yaron da kuka riga kuka binne kuwa, kabarinsa ya zama nasa, ba a tone shi don jita-jita. Sai in waliyyansa sun kai ƙara, alƙali ya ba da umarni, likita kuma ya ce tonon zai amfanar.

Mutanenmu suna da wata magana, wai zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma da ita ake rufe bakin uwar da ta ce a bincika. Aya ta 12 a Suratul Hujurat sashen zato ta kira zunubi, ba dukansa ba. Yarinyar nan 'yar shekara 5 da ta ɓace a Kano a Disambar 2021, da iyayenta sun ce an bar wa Allah sun yi shiru, da ba a gano mai makarantarsu ne ya sace ta ya kashe ba; bincike ya kai ga tono gawarta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Kai abin da ka gani ga hukuma ba zunubi ba ne, ɓoye shi ne zunubi. Wanda aka hana shi ne ka ɗauki zatonka ka rataya wa wani a dandali.

Rantsuwar da ka tambaya ita ce ƙasama, asalinta kisan Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa: rantsuwa 50 daga waliyyan jini. A mazhabarmu ba a buɗe ta sai da tuhuma mai ƙarfi, kamar adili ɗaya da ya ga kisan, ko aka ga mutum tsaye kan gawar da alamar kisa a jikinsa. Ibnu Abi Zaidin ya bayyana a Risala cewa samun gawa a unguwar wasu mutane ba ya jawo ƙasama. Hanafiyya sun saɓa, suna rantsar da mutanen unguwa idan akwai alamar kisa, amma hujjar Malikiyya ita ce mutum na iya kisa ya yar a ƙofar wasu don ya shafa musu. A abin da ka faɗa mini babu shaida ko ɗaya, ba a ma tabbatar kisa aka yi ba. Saboda haka babu ƙasama, babu diyya a kan baƙon nan. Baƙunci da kwanan rumfa ba laifi ba ne, rabin garinku yanzu baƙi ne. Tsohuwar kuwa, jifan ta da maita ƙazafi ne da alƙali zai iya yi wa mai yin sa horo, kuma a lura, ba a cika jifan uwar mai kuɗi da wannan ba.

Ka faɗa wa samarin nan ƙarara: duk wanda ya kashe ɗayansu, kisan kai ya yi, ƙisasi na kansa. Ko da laifi ya tabbata, zartarwa ta hukuma ce, kuma jihar Sakkwato na da kotunan Shari'a masu hurumin laifuka tun da ta bi sahun Zamfara a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa, ɗan ƙasar Isa. Kun ga abin da hukuncin dandali ya haifar. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe mutane a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, wata bai ƙare ba aka yi wa kasuwar Goronyo ɓarin wuta. Idan kuma ta tabbata wani ne ya yaudari yaron ya kashe don ya samu wani abu da shi, kisan gilla ne, kuma a Malikiyya ko iyaye ba su da ikon yafewa.

Saura abin da ba ka tambaya kai tsaye ba, wanda ni a wurina ya fi nauyi. In sanyi ne ya kashe shi, ba shi ke nan an rufe littafi ba. Halilu ya ɗora lamuni a kan wanda ya ga rai zai halaka, yana da ikon ceto, ya ƙi, da wanda ya hana mai lalura rarar abinci ko abin sha. An ruwaito Sayyidina Umar ya ci wasu mutane diyya saboda sun hana wani ruwa har ƙishirwa ta kashe shi. Ɗaukar yaron da aka yasar farilla ce ta kifaya, in babu wanda ya yi, duk wanda ya sani ya ɗauki zunubi.

Uwar da ta aiki ɗanta ɗebo kara bayan la'asar, yadda kowa ke yi, ba komai a kanta, kada wanda ya ƙara mata ciwo. Mazan da suka kasa shiga daji da dare su ma suna da uzuri, domin ceto ba ya wajaba a kan wanda zai rasa nasa ran. Wanda ya ga abin da aka yi a Garki da maƙwabtanta a Mayun 2020, ko motar da aka ƙona da fasinja a Gidan Bawa a Disambar 2021, ba zai zarge su ba. Amma wanda ya ji kukan yaro a bayan dangarsa ya gyara kwanciya, da malamin tsangayar da ke sakin 'yan shekara 6 bara bayan isha ba ya ƙirga su in sun dawo, da mariƙin da ya kulle yaro a waje cikin ɗari da sunan horo, waɗannan alƙali zai duba su. In sakaci ne, diyya cikakkiya, don ta yaro daidai take da ta babba, dangin mai laifi na wajen uba su biya cikin shekara 3, shi kuma ya yi kaffarar azumin wata 2 a jere, bisa aya ta 92 a Suratun Nisa'i. In ya nufi mutuwarsa, ƙisasi ne, kamar wanda ya hana mutum abinci da gangan.

Abin da nake so ka yi, Liman: ka kai maganar ga uban ƙasa da baturen 'yan sanda yau, ka sa mai gari ya ba baƙon da tsohuwar kariya. Ranar Juma'a ka karanta wa jama'a wannan amsa. A buɗe zaurukan masu hali da shirayin masallaci ga yaran da ke kwana a ajin da babu ƙyaure, a tara barguna, kuma ya halatta a ba iyayensu zakka su saya. Duk yaron da ba a gani ba, a yi shela da lasifikar masallaci tun rana ba ta faɗi ba, kada a jira magariba.

Allah ne mafi sani.