Sirrin Jini: Na Wane Ne?

Jama'a, a hutun da ya wuce na je gida Argungu, na tarar wata magana ta raba kan gidanmu biyu. Wani saurayi na unguwarmu ya yi shekara uku a gidan yari, ya fito ya koma sana'ar su a gulbi, sa'an nan ya aiko neman auren 'yar kawuna. Kawu ya ce bai ƙi ba, amma sai an auna jini. Aka ɗunguma zuwa wani asibiti a Birnin Kebbi, aka auna. Da Kawu ya nemi ma'aikaciyar da ke ba da shawara ta gaya masa abin da aka gani, sai ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, maganar ta masu jinin ce, su zan fara gaya wa." Kawu ya komo ransa a ɓace, ya ce mini, "Kai ɗan boko, ni da na haife ta, a ce ba ni da ikon sani?"

Tun ran nan nake juya tambayar nan a raina.

Lalle Kawu yana da hujja. Shi ne waliyyi, amanar yarinya tana wuyansa. Tsoronsa kuma ba na banza ba ne, gama binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, wani binciken kuwa da aka yi a gidajen yari a daidai wannan lokaci ya sami kashi 2.8, watau ninki biyu.

Amma fa mu dubi ɗaya gefen. A ce matar nan takan kwance wa mutane zane a kasuwa, wa zai sake miƙa mata hannu ta ɗebi jininsa? Wanda ya fito daga kurkuku ya riga ya sha nuni da baki. In yana shan maganin ƙanjamau a can ciki, ya fito ya ga asirinsa zai tonu, sai ya ƙaurace wa asibiti. Da ya bar magani ƙwayar takan sake yawa a jininsa, har ta iya gagarar maganin. Wanda kuwa ya riƙe magani har awo ya daina ganin ƙwayar, ba ya sa wa matarsa. Ashe rufin asirin nan shi ne garkuwar amaryar kanta. Sabo da haka ne dokar ƙasa ta 2014 ta hana nuna wa masu wannan cuta bambanci.

To, yarinyar fa? Nan ne na ga inda sirri ya yi iyaka. Ita ce za ta zauna da shi, ita za ta ɗauki ciki, ita za ta yi jinya. Ɓoye mata yaudara ce, yaudara kuwa ba ta zama harsashin aure. A ganina sirrin jini na mutum biyu ne, mai jinin da wanda zai haɗa zuriya da shi. Haƙƙin waliyyi shi ne ya tabbata an zaunar da su tare an gaya musu gaskiya, sa'an nan ya ji daga bakin 'yarsa.

Haka kuwa aka yi. Bayan kwana uku yarinyar ta sami mahaifinta tana kuka. Babu ƙanjamau a jinin kowa, amma ita da saurayin duka AS ne, watau kowannensu lafiya lau yake, sai dai yana ɗauke da irin amosanin jini da ya gada. Kowane cikin da za ta ɗauka, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi ɗa mai sikila. Kawu ya yi shiru. Yana hangen haɗari a gidan yari, ashe rabinsa yana cikin gidansa. Har na komo makaranta ba su yanke shawara ba, ni kuwa ban ga wanda ya isa ya yanke musu ba.

Irin wannan ba gidanmu kaɗai ya shafa ba. An ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da irin, kuma ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da ciwon kowace shekara. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta awon jini kafin aure. Amma doka takarda kawai take miƙa wa mutum, ba ta zaunar da shi ta yi masa bayani.

'Yan'uwana ɗalibai, sau nawa aka tambaye mu abin da za mu yi da digirin Hausa? Ga aiki nan yana jira. Ana bukatar masu ba da shawara waɗanda za su koyi ilmin gadon jini, su iya gaya wa masunci a Argungu ma'anar "ɗaya cikin huɗu" da harshen da zai gane, ba tare da ya zaci 'ya'ya uku na farko sun tsira ba. Amma sharaɗin farko shi ne wanda matar nan ta nuna wa Kawu: sanin wanda za a gaya wa, da iya kame baki a gaban wanda ba shi ba, ko da ya girme ka.

Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.