Wa Ya Ce "Na Yarda"?

'Yan uwana mata, akwai ciwon da ba ya kayar da mutum gaba ɗaya, kuma ba ya sakinsa. Tun bayan korona ta 2020 likitoci suka lura wasu sun warke, amma gajiya ta zaune musu wata da watanni. Shara kaɗan sai haki, ga mantuwa, ga faɗuwar gaba. A gidajenmu mai irin wannan raguwa ake ce mata, ko a ce iska ce.

Neman maganinsa ya sa a Amurka aka yi gwaji daga nesa. A 2023 Jami'ar Yale ta fara ɗaukar mutum 100, kowa yana gidansa. Aka aika wa wasu ƙwayar Paxlovid ta kwana 15, wasu kuma aka ba su wadda ba ainihin maganin a ciki, suna ba da bayanin jikinsu ta waya. Daga ƙarshe maganin bai nuna amfani ba.

Wallahi tsarin ya burge ni. Matar da ke Roni ko Gwiwa, wadda ɗaga tulu ke gagararta, ina ita ina motar Kazaure, balle Kano? Gara asibitin ya zo mata har ɗaka.

To amma Paxlovid na kamfanin Pfizer ne, mu kuwa sunan ba baƙonmu ba ne. A 1996, shekarar sanƙarau, kamfanin ya gwada Trovan a asibitin IDH na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce an gaya musu da baki, kuma sanƙarau ne ya yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Lura fa, wancan ido da ido aka yi, amma har aka tashi ana musun wa ya yarda.

Ina ga ta waya? Idan irin wannan gwaji ya iso mana, a gidaje da yawa wayar tana aljihun Maigida. Saƙo ya zo da Turanci, ɗanki ko ƙanin miji ya karanta, ya taƙaita miki da "magani ne kyauta", ya danna. Can sun rubuta kin yarda, alhali cikinki ƙwayar za ta shiga. Ban ce kar a nemi izinin miji ba, tarbiyyarmu ce. Amma izininsa daban, yardarki daban. Ko a aure, addini ya ce a tambayi yarinya.

A ganina yarda ba ta cika sai an gaya miki da Hausa, a kunnenki, cewa gwaji ne, wataƙila ma ba maganin ne ya faɗo miki ba, kuma kina iya cewa kin fasa ba mai jin haushinki. Sannan ki tambaya, in jikin ya rikice cikin dare, wa za ki kira, kuma wane asibiti ne ya san da zamanki.