Gaggawar Sega da haƙƙin dillali

Duk wanda ya leƙa gidan gem a Tofa da yamma, bayan an dawo daga gona, zai tarar da yara sun yi cincirindo gaban talabijin suna buga ƙwallo, janareta na ruri a waje. Na'urar da suke riƙe da hannunta kusan kullum PlayStation ce ta kamfanin Sony, yawanci ta hannu, wadda aka sayo daga Sabon Gari. Da wuya ka sami yaron da ya taɓa jin sunan Saturn, alhali a shekarar 1995 su biyun ne suka yi karon batta a kasuwar Amurka.

Kamfanin Sega na Japan ya riga ya shaida wa 'yan kasuwa da masu shirya wasanni cewa sabuwar na'urarsa, Saturn, za ta fito a Amurka ranar 2 ga Satumba. Kowa ya tsara lissafinsa a kan wannan rana. Sai ga shi ranar 11 ga Mayu, a babban baje kolin E3 na birnin Los Angeles, shugaban reshensa na Amurka, Tom Kalinske, ya hau mumbari ya ce Saturn tana kantuna tun yanzu, a kan dala 399. Manufar ita ce a riga Sony shiga kasuwa da wata huɗu. Amma na'urori dubu 30 kawai aka tanada, kuma manyan kantuna huɗu kaɗai aka ba. Sauran sun ji labari ne kamar kowa. Kantin KB Toys ya fusata har ya ƙi ajiye Saturn da wasanninta. Masu shirya wasanni kuma ba su gama aikinsu ba, don Satumba aka ce musu, saboda haka wanda ya sayi na'urar ya tarar wasanni shida ne kacal a ƙasa.

A wannan rana dai wakilin Sony, Steve Race, ya hau mumbari ya faɗi farashin tasu, dala 299, ya sauka. Sony bai sauya ranarsa ba. PlayStation ta fito ranar 9 ga Satumba, kantuna a shirye, wasanni a shirye.

Mutane sun fi riƙe zancen ragin dala ɗari, kuma lalle ya yi tasiri. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi da dillalai. Mu ɗauka manomi a nan ƙasar Tofa ya gaya wa duk masu sayen wakensa su zo bayan Sallah, sannan cikin dare ya kira huɗu daga cikinsu ya loda musu suka wuce Dawanau. Sauran suka zo ranar da aka sa, da kuɗinsu da motar haya, suka tarar rumbu wayam. Wake mai kyau ne, babu mai musu. Amma baɗi idan ya neme su, kowa zai ce ya riga ya ƙulla da wani. Ba ƙiyayya ba ce. Mutum ba ya ɗora jarinsa a kan maganar da ta taɓa zame masa.

Wannan ne ya sami Sega. Ya ɗauka kaya masu kyau da saurin fitowa sun isa, ya manta cewa tsakanin masana'anta da hannun mai saye akwai mutane da yawa: mai kanti da zai ware wuri, mai shirya wasa da ya ci bashi yana jiran ranar fitarwa, mai talla da ya riga ya biya kuɗin shafi. Kowannensu yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar lokaci.

Kamfanin Nintendo kuwa, da ya zo fitar da na'urarsa Switch 2, ya nuna ta ranar 16 ga Janairun 2025, ya yi cikakken bayani ranar 2 ga Afrilu, ya sa ranar 5 ga Yuni, kuma bai saɓa ba. Cikin kwana huɗu aka sayar da fiye da miliyan 3.5.

Ina ganin matasanmu masu buɗe shagon caji, masu sayar da taki da iri, da masu ɗinki gabanin Sallah, suna yawan faɗawa wannan tarko: a fifita wanda ya zo da kuɗi a hannu yau, a bar wanda aka yi wa alƙawari jiya. Ribar ranar tana shiga aljihu, amma sunan da ake ginawa shekara da shekaru yana zubewa.

Saturn ta tsaya a kusan miliyan 9 a duniya, PlayStation ta farko ta haura miliyan 100. A shekarar 2001 Sega ya fita daga gasar ƙera na'urar wasa ta gida, kuma tun daga lokacin wasanni yake shiryawa ana buga su a na'urorin Sony da Nintendo da Microsoft.