WADAR ZUCI A WURIN MASANAN YUNAN, DA INDA SUKA GAZA

 

Ya ɗan'uwa Musulmi, ka sani tun kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) masanan Yunan ke tambayar mene ne ke kawo kwanciyar rai. Akwai wani Diyojin, wanda ya mai da randa ɗakin kwanansa. An ce ya ga yaro yana shan ruwa da tafin hannu, sai ya jefar da moɗarsa. Sarki Iskandar (wanda ya mutu shekara 323 kafin Miladiyya, kuma ba shi ne Zulƙarnaini ba, kamar yadda Ibn Taimiyya ya bayyana) ya ce ya faɗi bukatarsa, sai ya nemi sarkin ya matsa, don ya tare masa hantsi. Daga baya Ifiktitus, bawa ne kuma gurgu, ya karantar cewa baƙin ciki yana zuwa ne daga rataya zuciya ga abin da ba ya hannunka, kamar dukiya da mulki da yabon mutane. Alkindi na Bagadaza ya bi sawunsu a ƙarni na 3 na Hijira.

To, gaskiya a bakin kowa ta fito, karɓarta a ke yi. Mai cin bashi don kece raini a wurin biki, da mai zuwa wurin boka neman kasuwa, wallahi wannan bawa ya fi su hankali.

Amma a tsaya. Diyojin da bara ya rayu, watau ya raina duniya alhali wani ke noma abin da zai ci. Wannan ba ƙana'a ba ce, ko da an sa mata rawani an kira ta zuhudu. Abdurrahman bn Auf ya isa Madina hannu rabbana, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya ƙi, ya ce a nuna masa kasuwa. Ya yi arziki, ya ciyar da shi saboda Allah.

Sa'an nan haƙurin Ifiktitus na wanda ba ya jiran sakamako ne. In an zalunci maraya, azzalumin ya mutu a kan gadonsa, me falsafa za ta ce masa? Ya daure kawai? Shi ya sa Imam Gazali ya tsananta wa masu falsafa da suka musanta tashin jikkuna ranar Alƙiyama. Ibn Taimiyya kuwa a kurkukun Dimashƙa ya rasu, shekara ta 728 Hijira, an ƙwace masa alƙalami da takarda, yana ta saukar Alƙur'ani, domin ya san akwai ranar da za a sake shari'ar.