Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, ga ta: idan mutum ya ɗauki wani aiki mai hatsari, ya yi nisa, sa'an nan ya ga hanya ta ƙi, ya juyo, shin jarumi ne ko matsoraci? Yawancinmu mukan yi saurin cewa matsoraci ne. Ni ma da haka na ke cewa, har ran da dutse ya koya mini hankali.

Wata ranar hutu mu uku, dukanmu akawuna, muka shirya hawan Dutsen Kufena, wanda ke kusa da Wusasa a ƙasar Zazzau. Na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure: babbar riga mai aska biyu, da hula sabuwa, da takalmin fata mai santsin ƙasa. A gindin dutsen muka tarar da wani yaro yana kiwon awaki. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Malam, in za ku hau, ku zaga ta can inda awaki ke bi." Na ce masa, "Kai yaro, mu da alƙalami mu ke ci, ba ma bin sawun akuya."

Hawa ya yi daɗi. Abokaina suka tsaya a tsakiya suka ce sun ƙoshi. Na yi musu dariya, na kira su mata, na ci gaba ni kaɗai. Can sama iska ta taso, ta shiga rigar nan ta kumbura ta kamar laima. Hula ta tashi, na kai mata hannu, takalmi ya zame, sai ga ni zaune daɓas, ina gangarowa. Allah ya taimake ni wata 'yar bishiya da ta fito daga tsagin dutse ta sarƙe rigar. Nan na maƙale, ba sama ba ƙasa, wando ya yage tun daga ƙugu, ina salati da ƙarfi. Yaron nan da na raina shi ya hawo. Ya ce, "Malam, tuɓe takalmin, naɗe rigar, ka juyo da fuskarka wajen dutse. Kada ka ɗaga hannu ko ƙafa sai sauran ukun sun kama." Haka ya sauko da ni ta hanyar awaki, abokaina suna ta dariya har da hawaye. Hular kuwa har yau ba mu gana ba.

To, a cikinmu wa ya yi jarunta? Ni da na ƙi juyowa, ba ƙarfin zuciya ya tura ni ba. Tsoro ne ya tura ni, watau tsoron kada a yi mini dariya, ga shi kuwa ita na samu ninki biyu. Girman kai rawanin tsiya.

Ni da wando kaɗai na biya, amma waɗansu da rai suka biya. A kan iyakar Suwizalan da Italiya akwai wani dutse wai shi Matterhorn, tsawonsa ya fi ƙafa 14,000. Ran 14 ga Yuli 1865 mutum bakwai, cikinsu har da wani Bature na Ingila, Edward Whymper, suka zama na fari da suka kai ƙwanƙolinsa. Wajen saukowa wani saurayi a cikinsu wanda bai ƙware ba ya zame, ya ja mutum uku da ke ɗaure da shi a igiya guda. Igiyar ta tsinke, huɗun nan duka suka halaka. Daga baya aka ga ashe igiyar da ta tsinke ita ce mafi rauni cikin waɗanda suka zo da su. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Dubi kuma Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, sama da ƙafa 29,000. Kowa ya ji sunan Edmund Hillary da Tenzing Norgay, waɗanda suka kai ƙwanƙolinsa ran 29 ga Mayu 1953. Amma kwana uku kafin wannan, abokan tafiyarsu biyu, Tom Bourdillon da Charles Evans, sun hau har saura kamar ƙafa 300. Ƙarfinsu ya ƙare, na'urar da ke ba su iskar shaƙa tana ba su wahala, lokaci kuma ya ƙure. Suna ganin suna da ɗaukaka a gabansu, suka haƙura suka juyo. Sun sauko da ransu, suka ba na bayansu labarin hanya. Wa zai kira waɗannan matsorata?

Saboda haka, ya kai mai karatu, in za ka hau dutse, ka sa tufafin da ba su da yalwa, da takalmi mai kama ƙasa. Ka nemi ɗan gari ya yi maka jagora, ko da yaro ne. Kada ka tafi kai kaɗai, kada kuma ka hau bayan an yi ruwa, gama jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi. Ka tashi da sassafe, ka riƙi ruwan sha, ka gaya wa mutanen gida inda ka nufa. In da igiya, ka duba ta da idonka. Kafin ka taka wuri, ka tambayi kanka yadda za ka sauko daga gare shi, domin saukowa ta fi hawa wuya.

Wannan magana ba ta tsaya ga dutse ba. Mai cin bashi don a ce ya yi babban biki, da mai riƙe gardama bayan ya gane ba shi da gaskiya, duk sun hau inda ba su san ta sauka ba, kunyar mutane ce kuma ke hana su juyowa. Jarumi shi ne wanda ya auna ƙarfinsa, ya tafi in da hanya, ya juyo in babu, ko da ana yi masa dariya. Dariya takan ƙare kafin magariba, amma karaya sai an yi watanni ana ɗori.

Allah ya ba mu ikon jin shawara, ko daga bakin wa ta fito, amin.