Shin Da Gaske Ne Araha Ba Ta Ado?

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ke hana iyaye mata barci a Tambuwal da Kebbe da ƙauyukansu, musamman da kaka ta yi aka fara sa ranar biki, wato kayan ɗaki.

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Da wannan karin magana ake yi wa uwar amarya bulala. Ta tara 'yan kuɗinta na adashi, ta sayar da tinkiya biyu, sai wata ta raɗa mata cewa gadon kafintan cikin gari ai na da ne, yanzu sai a shiga mota a yi Sakkwato, ko ma Kano, inda ake da manyan kantuna masu kama da sito. A can za ki tarar da gado da sif da madubi da kujeru saiti guda, ga labule ga kafet ga fulawar roba, komai yana ƙyalli, kuɗinsa kuma bai kai yadda kika zata ba. Tambayata a nan ita ce: wace arahar ce abin kunya, wace ce kuma ba ita ba?

Bari mu fara da asalin irin wannan ciniki, don ba a ƙasarmu aka ƙirƙiro shi ba. Wanda ya fi shahara da shi kamfanin IKEA ne, wanda wani mutumin ƙasar Suwidin, Ingvar Kamprad, ya kafa a 1943. Dabararsu ita ce su sayar miki da teburi ko gado a wargaje cikin kwali, ki je gida ki haɗa da kanki, sai kuɗin dako da na ma'aikata su ragu. Suna da reshe a Jidda tun 1983, wasu alhazanmu sun shiga. An tsara kantin ta yadda sai kin ratsa ɗakunan da aka jera an ƙawata kafin ki kai ƙofar fita. Kin shigo neman kujera ɗaya, kin fita da fitila da matasai da agogon bango. 'Yan kasuwarmu ba su da kantin da ya kai wannan girma, amma sun koyi darasin sarai: a jera ɗakin amarya guda a gaban shago, a kunna fitilu, a bar ido ya yi sauran aikin.

Yawancin irin waɗannan kaya ba katako ba ne kamar yadda muka san katako. Garin katako ne ake kwaɓawa da gam, a matse shi a inji, a liƙa masa leda mai sheƙi a sama. A ɗaki mai tayil da silin yana iya yin shekaru. Amma ke 'yar'uwa kin san ɗakunanmu. Rufi ya yi yoyo sau ɗaya a watan Agusta, ƙafar sif ta sha ruwa ta kumbura kamar burodi. A kwance gadon a ɗora a mota zuwa Kuchi ko Dogon Daji, a sake ɗaurawa, noti ya daina kamawa. Kafinta ba ya iya feƙe shi ya gyara kamar yadda zai yi wa maɗaci.

A nan ne nake ganin mun yi asarar wani abu da kakanninmu suka sani. A wurinsu kayan ɗaki ba ado kaɗai ba ne, dukiyar mace ce, asusunta ne. Daga ƙorai aka koma tasoshi, aka zo kwanonin sha da langa da kumbo, aka zo samira da tangaran da gadon ƙarfe mai rumfa. Mun sha yi wa jeren kwanoni dariya muna cewa mene ne amfanin kwano hamsin ba a cin tuwo a ko ɗaya. To amma ranar da yaro ya kwanta ciwo maigida ba ya gari, ko aka yi fari, ko Allah ya kawo rabuwa, mace takan zare saiti ɗaya ta ba dillaliya, ta sami abin rufin asiri ba tare da ta roƙi kowa ba. Wasu ma da kwanonin ɗakinsu suke yi wa 'ya'yansu jere bayan shekara ashirin. Yanzu ki kai wa dillaliya sif ɗin garin katako da ya shekara uku ki ji abin da za ta ce miki. Mun musanya abin da ke riƙe daraja da abin da ke ɗaukar hoto.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake mai araha haramun ne ko abin raini ba. Wallahi akwai ɗiyar talaka da ba don arahar nan ba da a tabarma za ta tare. Lokacin da hukumar Hisba ta Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, da kuma auren mutum 1,800 da matansu da aka yi a 2023, gado da katifa masu sauƙin kuɗi aka ba su, kuma aure ya ɗauru, babu abin da ya ragu daga albarkarsa. Shugabar matan Aljanna fa? Imamu Nasa'i ya ruwaito daga Sayyidina Aliyu (RA) cewa abin da Annabi (SAW) ya haɗa wa Nana Faɗimatu shi ne mayafi da salkar ruwa da matashi da aka cusa wa ciyawa mai ƙamshi. Shi kansa shimfiɗarsa ta fata ce da aka cika da zaren dabino, kamar yadda Nana A'isha (RA) ta faɗa. Wace ce a cikinmu za ta buɗe baki ta ce wannan ɗaki bai yi ado ba?

Saboda haka araha iri biyu ce. Akwai wadda take sauke miki nauyi: kina da dubu kaza, kin sayi gado mai ƙwari da katifa da tukwane da abin da yarinya za ta buƙata gobe da safe, kin dawo gida ba a bin ki ko sisi. Akwai kuma wadda take ɗora miki nauyi, wadda take ce miki da ɗan ƙari kaɗan ɗakin ɗiyarki zai yi kama da na ɗiyar ciyaman. Sai ki ƙara, ki sake ƙarawa, kowanne guda ɗaya mai sauƙi ne, amma da aka haɗa lissafi gona ta tafi jingina. Suratul Furƙan, aya ta 67, ta yabi bayin Allah da cewa ba sa ɓarna wajen kashe dukiya kuma ba sa ƙwauro, suna tsakiya. A Sahihu Muslim kuma an nuna cewa shimfiɗar miji da ta mata da ta baƙo suna da dalili, amma ta huɗu rabon Shaiɗan ce. Malamai sun ce abin nufi shi ne duk abin da aka tara don alfahari. To ina ga kujera bakwai a ɗakin da ko wurin shimfiɗa sallaya ba a bari ba?

Mutane da yawa ba su san cewa shari'a ba ta ɗora wa uwa wannan kaya ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda ya zo a Muhtasar Halil, matar da ta karɓi sadakinta kafin tarewa ita ce za ta yi wa kanta kayan ɗaki da shi gwargwadon al'ada, kuma asali ba a ɗora mata fiye da abin da ta karɓa. Wasu mazhabobin ma cewa suka yi tanadin gida duk na miji ne. Abin da iyaye suka ƙara kyauta ce da alheri. Yaushe kyauta ta zama dole har ake cin bashi dominta? Ku tuna Annabi (SAW) ya taɓa ƙin yi wa wani mamaci salla saboda bashin da ke kansa, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na kaya suka yi tashin gwauron zabo, amma dogon lissafin jere bai ragu da ko cokali ɗaya ba.

Kuma mu faɗi gaskiya, ba maza ne suke kawo wannan ba. Ango sau da yawa bai san bambancin labulen Dubai da na Kantin Kwari ba. Mu ne. Mu ne muke zuwa ganin ɗaki, baki yana "Allah sanya alheri" ido yana ƙirga. Mu ne muke fitowa tun ba mu kai zaure ba mu ce, "Ke, wagga ɗiya mi anka yi mata? Ɗaki kamar an yi sata!" Maganar ta zaga ta koma kunnen uwar, ita kuma ta rantse ƙanwar yarinyar ba za ta ga wannan wulaƙanci ba ko da za ta sayar da zanen ɗaurawarta. Uwar da ta ci bashi tana da nata laifin, amma harshen da ya kora ta kanti shi ma za a tambaye shi.

Akwai kuma haƙƙin kafintan unguwa, wanda nake ganin muna tauyewa. Mukan je kantin birni mu biya kuɗin da aka rubuta a takarda ba tare da ko "a rage" ba, don kunyar masu kallo. Amma kafintan da ke bakin tasha a Tambuwal, wanda ya san ɗakin da gadon zai shiga, wanda idan ƙafa ta karye za a aika yaro ya kira shi, shi muke tsugunawa mu yi ta ja da shi har ya sayar a kan faɗuwa, sannan cikon kuɗinsa sai bayan suna. Annabi (SAW) ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali in zai saya da in zai sayar. Su ma kafintocin sai su ji tsoron Allah, su daina shafa fenti a kan ɗanyen katako suna cika alkawari bayan an kai amarya.

Idan tafiyar ta kama ki, ki auna ɗakin da igiya kafin ki shiga mota, ki rubuta abin da kika je saya a takarda, ki tafi da wadda za ta iya ce miki "ya isa". Ki leƙa bayan sif ɗin da ƙarƙashin gadon, inda ba a liƙa leda ba, ki tambayi mai shago kai tsaye ko katako ne ko gari. Abin da ya yi saura a hannunki ki saya wa yarinyar keken ɗinki ko tinkiya da sunanta.