Ƙaddara Ko Sakaci?

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk lokacin da mota ta kife a hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance da Matamai zuwa iyakar Ɗan Barto, sai ka ji ana cewa ƙaddara ce. Haƙiƙa babu abin da ke aukuwa face da sanin Allah. Amma shin wannan kalma tana wanke direba?

Malamai sun ce ba ta wanke shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba na ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi, sai fa in abin ya fi ƙarfinsa. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i kuwa ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure.

To, ina iyakar abin da ya fi ƙarfin mutum? Hazon hunturu ba direba ya kawo shi ba, amma rage gudu da kunna ƙaramar fitila suna hannunsa. Haka amalanken rake da dare, wanda ba shi da ko ƙyalli. In taya ta fashe, wanda ya koya zai riƙe sitiyari gam, ya ɗage ƙafa daga totur, ya bar motar ta lafa kafin ya taɓa birki. Wanda ya danne birki nan take, sau da yawa shi ke kifar da fasinjojinsa. Sannan a tambaye shi: tun yaushe ya san tayar ta suɗe?